Saniyar da Ka Ɗaura Mini

Kura, Satumba 2023

Zuwa ga aminina Hammadu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da dabbobi. Yaya damina a wajenku Tasawa? Yaya jikin Iyatu? Uwargida Talatu ta ce in tambaye ka ko ƙafar matar taka ta daina kumbura, kuma ko maganin da aka rubuta mata a Kano bai ƙare ba. Mu nan ƙalau muke, shinkafa ta yi ciki, sai fama da tsuntsaye.

Wayarka ta ƙi shiga tun da aka rufe iyaka, shi ya sa na koma wa biro da takarda. Datti direba zai kai ta kasuwar bakin iyaka, ya ba 'yan babur masu bi ta daji. Kai da ka yi lakwal, bokonku na can, ba sai an karanta maka ba, in dai ba za ka ce Hausar Kano ta yi maka nauyi ba.

Na san ranku a ɓace yake. Tun da sojoji suka karɓi mulki a wajenku an yanke muku wuta, an tare motoci, har ana zancen tura soja. Wallahi mu ma a nan ba mu ji daɗi ba. A masallacinmu an yi ta alƙunut kada Allah ya nuna mana ranar da za a ɗaga bindiga tsakanin Kano da Maraɗi, don babu layin da za ka bi a Kura ba ka sami mai kawu ko gwaggo a Nijar ba. Amma ka kwantar da hankalinka. Rigimar manya ce, za ta wuce.

Ka san ni da surutun aji. A makon nan ma darasin da na koya wa 'yan ajin ƙarshe ke nan, yadda ƙasashe maƙwabta suke haɗewa. Na ce musu masana sun rabu biyu. Wasu sun ce a fara daga sama: shugabanni su zauna, su sa hannu, a yi tuta ɗaya da majalisa ɗaya, talakawa su biyo baya. Wasu kuma sun ce a'a, a fara daga ƙasa, da abin da mutane suke buƙata kullum, hanya da kasuwa da ruwa da makiyaya. Idan wannan ya kama wancan, sai rabuwa ta fi zama wuya, siyasa ta biyo dole. Turawa ma da suka gama yanka junansu, da kwal da ƙarfe suka fara, ba da tuta ba. Ni dai ka san na biyun nake bi. Da yara suka nemi misali, ban je Turai ba, na ba su labarinka. Na ce akwai Bafillatanin Nijar da yake sauka a gonata ta bakin kanal ɗin ban ruwa, hanyar Bunkure, duk rani tun ina saurayi. Shanunsa su ci karan shinkafata, gonata ta sha taki. Na ce ECOWAS ɗin da aka kafa a Legas a 1975, wadda ku kuke kira CEDEAO, tarar da mu ta yi muna yi, takarda kawai ta ƙara mana.

Har na ba su labarin saniyarka Wule. Ba su taɓa jin habbanaye ba, sai da na yi musu bayani: a wajenku idan mutum ya yarda da kai, sai ya ɗaura maka karsana. Ka riƙe ta har ta haihu sau uku, 'ya'yan naka ne, sannan kai da kanka ka kai masa uwar har gida da godiya. Mai ita ba ya tambaya, ba ya aike. Na gaya musu ranar da ka miƙo mini igiyarta a gaban mutanenka kana cewa yau ka ɗaura wa Kaɗo saniya, Allah ya sa kada ya ba ta tuwo. To tuwo dai ban ba ta ba. Ta haihu da farkon damina, mace, ja kamar uwarta. Saura biyu.

Idan na tuna daidai, watan gobe ne likita ya ce Iyatu ta dawo. Talatu ta share mata ɗakin da take sauka. Ina da yaƙinin kafin lokacin an buɗe hanya, ku dai ku shirya.

Ka gaishe da ƙaninka Ibrahimu da sauran mutanen ruga. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Mudassiru

Kura, Fabrairu 2024

Aminina Hammadu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Yaya Iyatu da jiki? Watan da za ta zo ya wuce tuni, ba mu gan ku ba, ba mu ji daga gare ku ba. Talatu ta tono tsohon kwalin maganinta a ɗakin, muka je Kano muka samo irinsa, na haɗa da wannan takarda. Wannan ne karo na biyu da muke aikowa. Datti ya rantse na farko ya isa hannunka, ɗan babur ɗin ya san rugarku.

To in ya isa, shirun na mene ne? Ko layi biyu ba ka iya rubutawa? Ko ka ari wayar wani ka ce Malam muna nan?

Bari in gaya maka abin da shirunka ya jawo mini. Da aka yi girbi, kowa a layin ruwanmu ya sayar da karansa ko ya cinna masa wuta, ya zuba alkama ko tumatir. Ni na tara nawa na ce na Hammadu ne. Ɓangaren da kuke kafa bukkoki na bar shi haka nan, ban kai masa garma ba, ruwa yana wucewa ta gefensa yana shiga gonakin mutane. A taron ƙungiyar masu ban ruwa Alhaji Uba, shugabanmu, ya miƙe ya ce tunda baƙin Malam ba za su zo ba, a rufe hanyar shanun da ta ratsa ta bayan kanal a shuka ta. Na tashi na yi ta faɗa har muryata ta dushe. Na ce mutumin da ya ɗaura mini saniya ko ta ramin ɓera ne zai zo. Suka bar hanyar, amma yanzu duk wanda ya wuce ni a kan babur sai ya tambaye ni ko shanun sun iso.

Sai kuma ga sanarwar watan jiya, wai ku da Mali da Burkina kun fice daga ECOWAS. Na ji a rediyo ina cikin ban ruwa, na saki fartanya na zauna a kan kunya. Washegari wata ɗalibata, Khaulat, ta ɗaga hannu ta tambaye ni ko in an tambaye su yawan ƙasashen a jarrabawa su rubuta na littafi ko na rediyo. Aji ya fashe da dariya, ni ma na yi, amma ta ciki na ciki.

Ba yau aka fara ba, na sani, ni nake koyar da shi. Senegal da Mali sun haɗe lokacin karɓar mulki, ko shekara biyu ba a yi ba aka sa manyan ɗaya ɓangaren a jirgin ƙasa aka mayar da su Bamako. Senegal ɗin ta sake gwadawa da Gambiya, shekara bakwai aka watse. A gabashin Afirka, Kenya da Tanzaniya da Uganda har jirgin sama da na ƙasa da gidan waya ɗaya suke da shi, ranar da abin ya lalace a 1977 kowa ya riƙe jirgin da ya kwana a ƙasarsa, aka rufe iyaka. Wannan na ƙarshen yana ɗan damuna, don su da abin amfanin yau da kullum suka fara, irin wanda nake yabo, kuma bai hana ba. Amma na gaya wa yaran cewa duk waɗannan ofisoshi ne suka rabu. Ban taɓa karanta inda aka ce makiyayi ya daina sanin mai masaukinsa ba.

Wule tana nan lafiya, ita da 'yarta. Su biyu suke cin karan da aka tara wa garke guda, sun yi ƙiba har sun fara raina dusa.

Ka amsa mini, don Allah, ko da faɗa ne. Talatu tana gaishe da Iyatu, ta ce ta rage gishiri kamar yadda aka ce mata.

Amininka mai jiran amsa,
Mudassiru

Kura, Mayu 2024

Hammadu,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Iyatu, ya gafarta mata, ya sa Aljanna ce makomarta. Allah ya ba ka haƙuri, ya raya abin da ta bari. Yaya ƙarin haƙuri? Yaya yaran?

Na yi maka ta'aziyya kamar yadda addini ya ce. Yanzu kuma ka saurare ni.

Tunda aka buɗe iyaka, Datti ya shiga da motarsa har Tasawa, na roƙe shi ya ratsa rugarku ya gano mini da idonsa. Jiya ya dawo. Ya tsaya a ƙofar gida yana ta kame-kame, sai da na daka masa tsawa sannan ya faɗa. Iyatu ta rasu tun kafin a yi girbi. Tun kafin girbi, Hammadu! Ina nan ina rubuta yaya jikin Iyatu, matata tana bin kantin magani a Kano da tsohon kwali a hannu, ashe matar ta daɗe a ƙasa. Ka karɓi maganin sau biyu, ka karanta gaisuwar, ka ninke ka ajiye.

Talatu tun jiya take kuka. Ba mutuwar kaɗai ba, mutuwa ta kowa ce. Cewa take yi matar da suke kwana ɗaki ɗaya, wadda ta yi mata wankan jego a haihuwar autarmu, an yi uku, an yi bakwai, an yi arba'in, ba a ga ƙeyarta ba. Me matan rugarku za su ce da ita? Su ba su san ba a gaya mata ba. Ni kuma da na rasa mahaifina, kai ne ka taho tun daga Tasawa a bayan motar albasa, ka zauna a kan tabarma kusa da ni ana yi maka gaisuwa kamar ɗan gida. Wannan zaman ka hana ni. Da ka zage ni a kasuwa da ya fi mini sauƙi.

Datti ya ce ka karɓe shi a tsaye, kuma saƙonka ɗaya ne, wai a gaya wa Malam ya daina wahalar da kansa da aike. Ya ce Ibrahimu ne ya raka shi mota ya ɗan yi masa bayani, cewa magani ya yanke a wajenku lokacin da aka tare motoci, asibiti kuma ba wuta, kuma tun ranar ba ka son jin sunan Najeriya.

Ni ne Najeriya? Ni na rufe iyakar? Ni nake riƙe da makunnin wutar? Malamin makaranta ne ni mai gona a bakin kanal, ko kansila bai san sunana ba. Da aka yanke shawarar, an tambaye ni kamar yadda aka tambaye ka lokacin da sojojinku suka yi nasu. Idan kana neman wanda za ka yi fushi da shi, zo mu zauna mu yi tare, nawa fushin ba ya kasa naka. Amma ka ɗauki ƙasa guda ka ɗora mini a ka, ka hukunta ni ba ka ko kira ni ba, wannan cin amana ne, kuma ban taɓa zaton zan rubuta maka wannan kalmar ba.

Na so in biyo Datti in zo. Talatu ta ce kada in je inda aka ce ba a son saƙona, in jira ka huce. Ina jira. Idan ka ce zo, ko ana tsakiyar jarrabawa zan taho.

Allah ya jiƙan Iyatu. Ka shafa mini kan yaran.

Mudassiru

Kura, Disamba 2024

Hammadu,

Sallama. Ina fata kai da yara kuna lafiya.

Ibrahimu ya iso, ya kwana, ya isar da saƙonka, kuma ga shi zai koma hannu wofi. Kada ka ga laifinsa. Tun da ya shigo kansa yake ƙasa, sai da ya ci abinci ya yi salla sannan ya iya buɗe baki ya ce wai ka ce a ba shi Wule.

Ba zan bayar ba. Kai ka koya mini ƙa'idar, ba ni na ƙirƙire ta ba. Haihuwa uku, ita kuwa ɗaya ta yi, ta biyu ce a cikinta yanzu, ta yi nauyi har da ƙyar take tashi. Mai saniya ba ya tambaya, balle ya aiko ƙaninsa da igiya kamar wanda ya zo kama ɓarawo. Ibrahimu da kansa ya ce tun da yake bai taɓa ganin an yi haka a danginku ba, kuma dattawan ruga sun yi maka magana ka ƙi ji.

Ko gwamnatocin da kake fushi dominsu, yarjejeniyar ta ce mai son fita ya ba da sanarwar shekara guda, kuma ana ta kai da kawo a tsakani ko za a shirya. Su da ba su taɓa cin tuwo a kwano ɗaya ba ke nan. Ni ko wannan ban samu daga gare ka ba.

Saniya taka ce, ban musa ba. Idan ka ƙudura sai ka kwance abin da ka ɗaura, to hannun da ya miƙo mini igiyar shi zai karɓa. Ka zo da kanka, ka dube ni, ka faɗa.

Hanyar shanu ta bayan kanal kuwa, bana an shuka ta. Wannan karon ban tashi na hana ba a taron.

Wassalam,
Mudassiru

Kura, Fabrairu 2025

Zuwa ga Hammadu,

Assalamu alaikum. Ina fata kun isa gida lafiya, kai da Ibrahimu da saniyarka. Ina fata yara suna lafiya.

Na ce ka zo, ka zo. Wannan kam ba zan ce ka ƙi ba. Amma tun da kuka tafi nake juya abin, kuma tunda ba ka ba ni damar magana ba, dole ka karanta.

Da aka ce mini ga ka can a kan gadar kanal, ko hula ban tsaya ɗauka ba. Na zaci tunda ka tako har nan, to an gama, za mu rungume juna mu yi kukan da ba mu yi ba. Na tarar ka rame, gemunka ya yi fari. Ka amsa sallamata, ka amsa ta'aziyyata, ka ba ni hannu kamar wanda muka haɗu a tasha. Na ce mu ƙarasa gida, ka ce a nan ma ya isa. Talatu ta aiko da fura da ruwa, kwanon yana nan a kan gadar har kuka tafi, ko murfin ba a ɗaga ba. Mutanen da suke dasa tumatir duk sun miƙe suna kallo, har da Alhaji Uba.

Abu ɗaya ka faɗa mini game da Iyatu, kuma ba zan manta ba har in mutu. Ka ce, “Na kawo ta bakin iyaka a kan amalanke, Malam. Tana hango ƙasarku, tana cewa in mun isa Talatu za ta dama mata kunu. Aka ce ba wucewa.”

Na tambaye ka sojan wane ɓangare ne ya ce haka, ka kau da kai. Na tambaye ka me ya hana ka aiko mini ɗan babur a ranar, in zo in tsaya ta wannan gefen in yi ta roƙo, in nemo likita in kawo shi har wurin shingen, ko in ba a yi nasara ba a ce mu biyu muka kasa. Ka san inda nake. Tsakanin iyakar da Kura tafiyar yini ɗaya ce ko ƙasa da haka. A ranar da ka fi buƙatar mutum a Najeriya kana da shi, kai ne ka yanke cewa ba ka da shi. Na ji zafin abin da aka yi maka, wallahi na ji, amma wannan ɗin kai ka yi mini shi.

Na kwanto Wule da hannuna na miƙa maka, kamar yadda na yi alkawari. Da ɗan maraƙin da ta haifa a watan jiya ya biyo ta, sai ka ce wa Ibrahimu ya mayar da shi, na Malam ne, ba ka son komai da ba naka ba. Ibrahimu ya buɗe baki zai yi magana ka harare shi. Kuka sa ta a mota tana waige tana kuka.

Kai ne makiyayi, ni Kaɗo ne, amma ko ni na san ba a raba saniya da ɗan da bai fara cin ciyawa ba. Tun ranar bai sha abin kirki ba. Mun gwada madara a kwalba ya ƙi, mun kai shi wajen wata saniyar maƙwabta ta harbe shi. Kukansa ya dushe, yanzu kwanciya yake yi ya miƙe wuya. Kuma na tabbata can ma haka ne, don irin shanunku ba sa sakin nono sai sun ga ɗansu a gabansu. Hantsarta tana nan ta kumbura, kana taɓawa tana harbi, yaran Iyatu kuma ba su sami ko ludayi ɗaya ba. Ka fi ni sanin wannan tun kana yaro, fushi ne ya rufe maka ido.

Ga shi nan na sa Datti ya ɗauko shi a gaban mota, a nannaɗe da buhu. Ba kyauta ba ce, kuma ba ban haƙuri ba ne, don ban yi maka laifin da zan ba ka haƙuri ba. Nawa ne, yana nan a nawa. Ka sa shi a ƙarƙashin uwarsa ya sha, ka riƙe mini shi har ya yi ƙwari. Ba zan tambaya ba, ba zan aiko kowa ba.

Idan kuma ka ga ko wannan ba za ka iya riƙe wa mutumin Najeriya ba, kada ka ba Datti ya dawo da shi, ba zai kai Kura da rai ba. Ka yanka shi a can wajenku, ka yi wa Iyatu sadaka da sunana.

Talatu tana gaishe da yara. Allah ya jiƙan wadda ta rasu, ya kyauta namu ƙarshen.

Ni ne,
Mudassiru